Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Jama'a, rashin ruwa iri biyu ne. Akwai garin da babu ruwan ɗungum, sai mata da yara sun yi sammako da jarkoki sun nufi wani ƙauye. Akwai kuma garin da ruwa ke kwance a ƙofar gida, amma wanda ya sha sai ya kwanta. Na farkon kowa ya san shi, a kansa ake kai wa hukuma kuka. Na biyun ba a cika maganarsa ba, alhali galibi da hannunmu muke jawo shi.

Ƙasarmu dama ba mai yalwar ruwa ba ce. Damina wata huɗu ce ko biyar, a can arewa ma ba ta kaiwa haka, sauran shekara kuwa abin da ƙasa ta shanye da abin da tafki ya riƙe ake ci. A shekarar 1963 faɗin Tafkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Da farin shekarun 1970 da na 1980 suka afka masa, bai tsira da ko kashi ɗaya cikin goma ba. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Kano ta sami ruwan sha da na noman rani, amma fadamun Haɗeja da Nguru suka rasa ambaliyar da suka saba samu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya da manoma suka koma gutsiri-tsoma a kan ɗan abin da ya rage. Damagaram kuwa a kan dutse take zaune, tun da daɗewa daga nesa ake jawo mata ruwa. Ƙari a kan haka, mutane sun ninku, an sare itatuwa, an cike kududdufan birni an yi gini a kansu, kuma duk mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa, rijiyar maƙwabci talaka ta ƙafe.

To, ga inda matsalolin biyu suke haɗuwa. Mai ƙishirwa ba ya zaɓe. Idan bazara ta yi tsanani, ruwa yana raguwa amma ƙazantar da ake zuba masa ba ta raguwa, sai ya zama kullum ƙara kauri take yi. A tafki ɗaya ake shayar da shanu, a yi wanki, yara su yi iyo, a kuma ɗebi na girki.

Mai karatu, kafin mu tafi nesa, mu leƙa gidanka. Ina rijiya take, ina masai yake? A gidajen birni da yawa taku kaɗan ne tsakaninsu, in ma naka ya yi nisa, na maƙwabci yana bayan katanga. Abin da ke cikin masai ba zaune yake wuri ɗaya ba. Yana tsatsafowa ta cikin ƙasa sannu a hankali, musamman da damina in ƙasa ta ƙoshi, har ya tarar da idon rijiya. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suke cewa a bar aƙalla mita 30 tsakani, kuma kada masai ya kasance a tudu rijiya a gangare. Da, duba-gari yakan shiga gida ya duba wannan da idonsa. Yanzu magini ne ke yanke hukunci, shi kuwa inda fili ya rage yake duba.

Sai kuma guga. An ja ruwa, an yar da ita a ƙasa, igiyarta ta kwanta cikin caɓi inda kaji da awaki suka yi kashi, an jima wani ya zo ya zura ta. Bakin rijiyar ba murfi, ba daɓe, ruwan wanke-wanke yana komawa ta gefe. A ce ma ruwan famfo ne mai kyau ɗan garuwa ya kawo. Yaushe rabon a wanke cikin jarkar? An juye a randa, moɗa tana kife a kan faifai ko tana yawo a tsakar gida. Yaro ya fito daga bayan gida bai wanke hannu da sabulu ba, ya ɗauki moɗar ya nutsa hannu har wuyansa, ya sha, ya mai da sauran. Ruwan da ya shigo gida lafiyayye, a nan ya lalace, gobe kuma a ce iska ce ta taɓa jariri.

Abin da irin wannan ruwa ke haifarwa sananne ne: gudawa, atini, taifot da kwalara. A 2021 an ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton kwalara ta kama a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Kududdufi kuma yana da tasa cutar, wato tsargiya. Mai ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ta shiga katantanwa ta girma, ta fito ta huda fatar yaron da ke wanka. A wasu ƙauyuka har ana ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, ciwo ne mai lalata mafitsara, kuma yana da magani a asibiti. Addini ma ya riga likita hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, da yin bayan gida a mashaya.

Akwai gurɓacewar da ta fi ƙarfin magidanci. A Kano, masana'antun jima da na rini a Sharaɗa da Calawa da Bompai sun daɗe suna sakin ruwan aikinsu cikin magudanu. Ana jimar fata da wani sinadari mai suna kuromiyam, ragowarsa kuwa yana bin ruwa. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Jakara ya san launinsa da warinsa, ba sai an gaya masa ba. Duk da haka da ruwan nan ake ban-ruwan latas da alayyafo da karas, a kawo kasuwa mu saya. Ba na ganin laifin mai lambu sosai, shi abin da ya samu ya ɗiba. Laifin na mai masana'antar da ya ƙi tace ruwansa ne don kada riba ta ragu, da hukumar da ta gani ta kau da kai. A karkara kuma akwai mai wanke tankin feshi a rafi, da masuncin da ke zuba gubar gamalin don kifi ya taso, bai tuna cewa ƙauyen gaba daga nan suke sha ba.

A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake daka dutsen zinariya a cikin gidaje, a wanke shi a bakin tafki da rijiya. Ƙurar ta cika ɗakuna, ta shiga ƙasa da ruwa, yara fiye da 400 suka mutu. A Tibiri kusa da Maraɗi kuwa ba wanda ya zuba komai. Ruwan burtsatsen da aka soma sha a 1985 ne yake ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima daga cikin ƙasa. Ruwa garau, ba wari, ba ɗaci, aka yi shekaru ana sha, sai ga haƙoran yara sun dafe, ƙafafun ɗaruruwansu sun lanƙwashe. Mun saba auna ruwa da launi da ɗanɗano da ƙanshi, kamar yadda aka koya mana a babin tsarki. Wannan ma'aunin alwala ne. Ruwan sha sai an kai shi ɗakin gwaji, don haka duk unguwar da aka haƙa wa sabuwar rijiya ta nemi a gwada kafin a buɗe. A kuma sani, tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da dalma ko fuloraid.

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfinmu. Dattawa sun san kurkunu, yadda yakan kwantar da manomi daidai lokacin shuka, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. A 1988 an ƙirga masu shi fiye da 650,000 a Nijeriya. Ba allura ba ce ta kore shi. Ƙyallen tace ruwa aka raba gida-gida, aka hana mai ciwon tsoma ƙafa a tafki, aka haƙa rijiyoyi, manya irin su Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka bi ƙauyuka suna jan hankalin sarakuna. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu kurkunu a Nijeriya da Nijar.

Saboda haka, uwargida, a wanke randa akai-akai, a rufe ta, a sami moɗa mai dogon hannu wadda ba a sha da ita, a rataye ta. Alif da garin ƙwayar zogale suna kwantar da laka ne kawai, bayan su sai a tafasa ko a sa maganin kulorin. Maigida, ka ɗaga bakin rijiya, ka yi mata daɓe da murfi, ka kafa wa guga maratayi. Mai unguwa kuma ya sa ido a kan inda ake haƙa masai da inda masu kwasar shadda ke juye kayansu. In kuwa gudawa ta riga ta kama yaro, kada a jira. A sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti, mai shan nono kuma kada a fasa ba shi.