Amsoshin Tambayoyinku: Hoto a Cikin Hazo

Wani mai sauraronmu daga Bomo, wanda ya lazimci ɗaukar hoto kullum, yana tambayar abin da ke koɗar da hotunansa da hunturu.

To Malam, sababin shi ne ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda idan ta cika sararin samaniya, tun daga Nuwamba har Fabrairu, sai ta warwatsa hasken rana, inuwa ta raunana, abin da ke nesa ya dushe. Don magance haka, ka matsa kusa da abin da za ka ɗauka, ka fito da sassafe ko bayan La'asar, sa'ad da rana ke yin ja, ka riƙa share gilashin kyamararka da tattausan ƙyalle. Ni kam, haƙiƙa, na fi ƙaunar wannan haske bisa na bazara.