Amsar Tambaya: In Karɓi Aikin Sa Kai a Ƙungiyarmu ta Oditoci?

Tambaya: Shekarata uku ina odita na cikin gida a wata ma'aikata a Maiduguri. Ƙungiyarmu ta nemi in riƙa shirya mata taruka, ba ko sisi. Ga aiki, ga iyali. In karɓa? Daga mai karatu a Bulumkutu.

Amsa: Ɗan'uwa, ka karɓa. Mai shirya taro shi ke ɗauko malami daga Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Ramat, shi ke zama kusa da manyan sana'a har su san sunansa. Wannan sanayya ta fi alawus.

Fara da sanar da shugabanka na wurin aiki a rubuce, sannan ka ƙayyade wa kanka Asabar ɗaya a wata. Zaɓi maudu'in da ya shafe ku: sababbin ƙa'idojin cibiyar oditocin cikin gida ta IIA da suka fara aiki ranar 9 ga Janairu, 2025, ko yadda za a adana rasit da fayil bayan darasin ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta Satumbar 2024. Ka haɗa abokan karatu don jarrabawar ƙwarewar oditan cikin gida ta CIA, wadda kashi uku ce.

Kiyayi abu biyu. Kada ka kafa misali da sirrin ma'aikatarku a gaban taro. Kada kuma ka riƙe kuɗin ƙungiya, kai mai binciken kuɗi ne.

Gwada shekara guda. In ya fara cin haƙƙin iyali, miƙa wa wani cikin mutunci. Allah ya yi jagora.