Hanyar kwalta

Babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Ƙonni ta ratsa Doso, Kore Mairuwa da Dogon Dutsi. Dare da rana manyan motoci suna bin ta, ɗauke da albasa, wake da dabbobi. In ta lalace, motoci su karye, albasa ta ruɓe a hanya.

Ƙarfin hanya yana ƙarƙashin kwalta, cikin jar tsakuwar da aka shimfiɗa aka daddale. Kafin aiki, ma'aikata suna kai tsakuwar ɗakin gwaji. Suna cusa ta cikin gwangwanin ƙarfe, su jiƙa ta kwana 4, sannan su danna ta da sandan ƙarfe. Wadda ta lotsa ba ta jure damina.

Kwalta ma ana gwada ta. Ana ɗora mata allura mai nauyin giram 100 har daƙiƙa 5. In allurar ta nutse da yawa, kwaltar ta cika taushi. Da zafin bazara, tayoyi za su bar sawu a kanta.

Tambayoyi
1. Don me ake jiƙa tsakuwa?
2. Me allura take nunawa?