Zaɓin Arwen

A ƙasar Ingila an yi wani malamin jami'a mai suna Tolkien. An haife shi a 1892, ya rasu a 1973. Ya rubuta wani dogon ƙagaggen labari cikin Ingilishi, wanda ya fito kashi uku a 1954 da 1955. Daga baya aka juya shi cikin Faransanci da sunan Le Seigneur des anneaux, wato Sarkin Zobba.

Cikin labarin akwai mutane, akwai kuma wasu halittu da ake ce ma Elfa. Sun yi kama da mutane, amma ba su tsufa, ba su ciwo. Ba su mutuwa, sai in an kashe su ko baƙin ciki ya cinye su. In sun gaji da zaman duniya, sai su shiga jirgin ruwa su tafi wata ƙasa can yamma, bayan teku.

Arwen ɗiyar Elrond ce, wani babba cikin Elfa. Elrond ruwa biyu ne: cikin kakanninsa akwai Elfa, akwai mutane. Don haka aka ba ƴaƴansa zaɓi: ko su bi shi bayan teku su dawwama, ko su tsaya su mutu kamar kowa.

A gidan Elrond aka yi renon wani yaro, jinin sarauta, mai suna Aragorn. An kashe ubansa tun yana ɗan shekara 2. Da ya kai shekara 20 sai ya ga Arwen cikin kurmi, son ta ya kama shi. A lokacin ta haura shekara 2700, amma in ka gan ta sai ka ce budurwa ce. Bayan shekara 29 suka sake gamuwa a ƙasar Lorien. Nan bisa wani tudu suka yi ma juna alkawari.

Elrond ya ji zafin abin ƙwarai. Ya ce ba ya ba da ɗiyarsa sai Aragorn ya zama sarkin Gondor da Arnor, ƙasashen kakanninsa. Aragorn ya sha yaƙi da wahala har ya hau gadon sarauta. Aka ɗaura aure. Arwen ta yi bankwana da ubanta, suka rabu, rabuwar da babu sauran gamuwa.

Sun zauna lafiya fiye da shekara 120, suka sami ɗa namiji da ƴaƴa mata. Dangin Aragorn masu tsawon rai ne, amma su ma mutane ne. Da ya kai shekara 210 kwanansa ya ƙare. Kafin ya cika, ya ce mata ta nemi jirgi ta bi danginta in tana so. Ta amsa cewa ta riga ta zaɓa tun da daɗewa, kuma babu jirgin da za ya ɗauke ta. Sai a ranar ta san ɗacin abin da ta zaɓa.

Ta sallami ƴaƴanta, ta koma Lorien ita kaɗai. Ta tarar Elfa duk sun tashi, wurin ya zama kufai. Ta kwanta bisa tudun nan na alkawari, nan ta cika.

Abin lura

Arwen ba ta iya samun abu biyu a haɗe. Ta ɗauki ɗaya, ta rasa ɗaya, kuma ba ta warware maganarta ba ko da abin ya yi ɗaci. Hausawa na cewa: alkawari kaya ne.

Ma'anar kalmomi

Ƙagaggen labari: labarin da bai faru ba.
Dawwama: zama har abada.
Kufai: wurin da mutane suka tashi suka bari.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin Elfa da mutane?
2. Don me aka ba ƴaƴan Elrond zaɓi?
3. Wane sharaɗi Elrond ya kafa ma Aragorn?
4. Me Arwen ta samu, me kuma ta rasa?

Aiki

Ku rubuta layi biyar: da ku ne Arwen, wanne za ku zaɓa? Ku faɗi dalili.