Darasin Tsire-tsire: A Fara da Ƙwayar Wake

Kowace shekara, idan sababbin ɗalibai sun shigo aji ɗaya, mukan yi musu wata tambaya a makon farko: idan aka shuka wake, me ke fara fitowa, saiwa ko ganye? Da yawa sukan ce ganye. Yawancinsu kuwa 'ya'yan manoma ne, sun yi shuka, sun yi roron wake da hannunsu, sun kuma iya jera sunayen sassan tsiro da Turanci ba gargada. Sai dai ba a taɓa ce musu su tona su duba ba. An koya musu tsiro a kan allo da alli, ga shi kuwa yana tsaye a ƙofar aji.

Domin wannan ne muka rubuta darasin nan, musamman saboda ɗalibanmu manya waɗanda za su koyar a firamare bayan sun gama, da kuma iyaye masu ƙananan yara a gida. Mun gwada shi da 'yan aji uku da huɗu na firamare, ba mu kuwa sayi kome ba sai mudun wake.

A nemi farar kwalba mai faɗin baki. A naɗe tsohuwar jarida a sa a ciki ta manne da jikin kwalbar, a zuba ruwa kaɗan a gindi. Sa'an nan a ɗauki wake uku da suka kwana a ruwa, a cusa su tsakanin takarda da kwalba: ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, ɗaya a kife. Kowane yaro da kwalbarsa, da sunansa a jiki, gama yaro ba ya kula da abin da ba nasa ba. Cikin kwana 3 ko 4 fata za ta tsage, farar saiwa ta leƙo. Ko yaya aka ajiye waken, saiwar ƙasa take nufa. A kwantar da kwalbar a gefenta. Bayan kwana 2 za a ga bakin saiwar ya sāke tanƙwarawa ƙasa. A lokacin hunturu aikin yakan yi jinkiri, don sanyi yana rage wa iri hanzari.

A nan ne malami yakan yi kuskure, mu ma mun yi shi. Baki yana ƙaiƙayi ya faɗi amsa tun kafin wake ya tsage. A yi haƙuri. Kowace safiya yaro ya zana abin da idonsa ya gani, ba abin da ke cikin littafi ba, ya auna tsawon saiwar da tsinken tsintsiya, ya karya tsinken daidai wurin, ya manna shi a takarda. Bayan mako guda tsinkayen da kansu za su nuna masa girman.

Ba kowane wake zai tsira ba. A karonmu na farko wani yaro ya zo da hawaye ya ce, "Malam, nawa ya ƙi." Har mun kai hannu za mu ba shi wani, sai muka fasa, muka ce, "Yarona, ɓare mu gani." Da ya ɓare sai ga ciki duk gari, ƙwaro ya cinye ɗan tsiron da ke kwance tsakanin ɓari biyu na waken. Ran nan duka ajin suka ɓare jiƙaƙƙen wake suna neman ɗan tsiron nan, suka same shi da 'yar saiwarsa da 'yan ganyensa. Daga nan muka koya musu gwajin iri: a ƙirga ƙwaya 10, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a buɗe bayan kwana 5 a ƙirga waɗanda suka tsira. In 4 ne kaɗai, irin nan bai kamata ya shiga gona ba. Iyaye su lura da wannan, gwaji ne da ake iya yi wa masara da gyaɗa tun kafin ruwan fari.

Mataki na gaba shi ne gwangwanayen madara huɗu da wake a cikin kowanne. Na farko busasshiyar ƙasa, na biyu ƙasa mai laima, na uku a cika shi da ruwa har waken ya nutse, na huɗu mai laima amma a rufe shi cikin kwali. Na farko zai zauna yadda yake. Na uku zai kumbura ya ruɓe, gama iri yana bukatar iska. Duk yaron da ruwa ya taɓa kwanta a gonarsu zai gane wannan nan da nan. Na cikin kwali zai tsira, har ya fi na waje tsawo, amma siriri, rawaya, ba ƙarfi. A huda kwalin a gefe ɗaya, a ga inda kan tsiron zai juya.

Akwai kuma gwajin leda. A ɗaure farar leda a kan reshen mangwaro mai ganye da safe, a dawo da azahar. Yara sukan yi musu cewa wani ne ya zuba ruwan. Ruwan da saiwa ta sha ne yake fita ta ƙananan ƙofofi a jikin ganye.

Wata rana wata yarinya ta tambaye mu ko ƙasa tsiro yake ci. Tambaya ce tsohuwa. Wani likita mai suna Jan Baptist van Helmont, mutumin ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, ya dasa ɗan itace mai nauyin kilo 2 da ɗoriya cikin tukunya mai busasshiyar ƙasa kilo 90. Shekara 5 ruwa kaɗai yake ba shi. Itacen ya kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa ba ta ragu da abin da ya wuce giram 60 ba. An buga labarin gwajin a 1648, bayan mutuwarsa. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya zama itace. Daga baya aka gano cewa ganye yana ɗaukar iskar kabon, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, ya haɗa ta da ruwa ta ƙarfin hasken rana ya yi abinci. Mukan ba yara labarin nan har da kuskurensa, don su ga babban mutum ma yakan auna daidai, ya fassara ba daidai ba.

Kafin a rufe darasin, a fita gona a tuge wake ɗaya mai fure, a wanke saiwar. Za a ga ƙananan ƙulle-ƙulle a jikinta. Ba ciwo ba ne. Bakteriya ne ke zaune a ciki suna samo wa tsiron naitrojin daga iska, watau sinadarin da manomi ke biya da tsada a buhun yuriya. Shi ya sa kakanninmu suke haɗa wake da gero ko dawa a gona ɗaya.

Aikin hutu kuwa shi ne itacen gawo. Kowane yaro ya zaɓi guda kusa da gidansu, ya zana shi a watan Agusta, ya sāke zana shi a Janairu, ya kawo mana zanen biyu tare da abin da tsofaffin gidansu suka ce game da geron da aka shuka a ƙarƙashinsa. Gwangwanayen da za a kai gida kuma a ɗora su kan katanga. Namu na bara akuya ce ta gama da su.