Matsayin 'Ya'yan Mazauna Ƙetare a Lokacin Samun Mulkin Kai

Gabatarwa

Tun kafin zuwan Turawa, fataucin goro ya kai Hausawa Gwanja, daga bisani suka kafa zango a Kumasi da Ankara, suka hayayyafa. A zamanin mulkin mallaka ba a cika tambayar asalin 'ya'yansu ba, domin Nijeriya da Gana duk a hannun Ingila suke. Samun mulkin kai shi ya tayar da tambayar: ɗan da aka haifa a zango, ɗan wace ƙasa ne?

Abin da Dokoki Suka Tanada

Gana ta sami mulkin kai a 1957. Dokarta ba ta ɗauki haihuwa a ƙasar kaɗai a matsayin hujja ba, sai in an haifi ɗaya daga cikin iyayen mutum ko kakanninsa a can. Shi kuwa tsarin mulkin Nijeriya na 1960 ya tanadi cewa wanda aka haifa a waje, yake kuma ƙarƙashin Ingila, zai zama ɗan Nijeriya daga 1 ga Oktoba, 1960, muddin a Nijeriya aka haifi mahaifinsa. Ba a kula da ɓangaren uwa ba.

Alal misali, yaron da aka haifa a Kumasi, wanda iyayensa da kakanninsa duk haifaffun Kano ne, a doka ɗan Nijeriya ne, ko da bai taɓa taka ƙasar ba.

Abin da Ya Biyo Baya

Illar wannan ta bayyana a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardar izinin zama mako biyu su bar Gana. Cikin waɗanda suka tattara komatsansu har da matasan da ba su san wani gida ba sai zango. Sai a tsarin mulkin 1979 Nijeriya ta yarda haifaffen waje ya gaji zama ɗan ƙasa ta wajen uwa ko uba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa dokokin biyu sun bi tsatso, suka bar mazauni. Wannan ne ya mayar da haifaffen zango baƙo a mahaifarsa, ya kuma ba shi ƙasar da bai sani ba.