Darasi na Tara: Tsara Gajeriyar Tafiya Zuwa Matsirgar Biktoriya

9.0 Gabatarwa

Matafiyin da zai yi wata guda a wuri, in kwana ɗaya ya ɓace masa a banza, zai iya ramawa gobe ko jibi. Amma wanda kwana huɗu kacal yake da su, biyu daga ciki kuma a hanya za su ƙare, ba shi da wannan dama. Shi ya sa gajeriyar tafiya ta fi doguwa bukatar tsari. A wannan darasi za mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki, wato ziyarar matsirgar Biktoriya, wadda take kan kogin Zambezi, daidai kan iyakar ƙasashen Zambiya da Zimbabuwe. An zaɓi wannan wuri ne domin abubuwa biyu da suka fi rushe wa matafiyi shiri sun haɗu a cikinsa, wato yanayin shekara da ƙa'idojin tsallaka iyaka. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi ya iya bayyana yadda ɗayansu yake shafar ɗaya, domin shi ma wata rana zai jagoranci ɗalibansa zuwa ziyarar ilimi, ko da kuwa ba ta kai wannan nisa ba.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a ce wani abu game da kalmar matsirga. Sunan wuri ne da aka gina da ɗafa-goshin ma-, kamar yadda aka gina masauka da mashiga, daga aikatau tsirga, wato dirowa daga bisa. Wasu marubuta sun fi son mafaɗar ruwa, kuma ba laifi. Abin da bai dace ba shi ne magudanar ruwa, domin kwata ma magudanar ruwa ce.

9.1 Yadda Wurin Yake

Kogin Zambezi ya taso ne daga arewa maso yammacin Zambiya, ya ratsa gabashin Angola, ya sake dawowa Zambiya, sannan ya ƙare a tekun Indiya ta ƙasar Mozambik. A wajen tsakiyar tafiyarsa ne yake zuwa a shimfiɗe bisa wani falalen baƙin dutse, sai kwatsam ya tarar da wata tsaga da ta gitta masa, ya afka cikinta gaba ɗayansa. Faɗin bakin da ruwan yake zubowa ya kai mita 1,708, zurfin kuwa ya kai mita 108 a inda ya fi zurfi. Wanda ya taɓa zuwa matsirgar Gurara a Jihar Neja, mai tsayin kimanin mita 30, sai ya ninka abin da ya gani fiye da sau uku. Mutanen yankin suna kiran wurin Mosi-oa-Tunya, ma'ana hayaƙi mai tsawa, saboda feshin da yake tashi sama da kuma rugugin da ake ji daga nesa. Sunan Biktoriya kuwa Baturen nan David Livingstone ne ya raɗa, don girmama sarauniyar Ingila, sa'ad da ya isa wurin a watan Nuwamba na 1855. A 1989 hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, da sunayen nan biyu.

Abin lura a nan shi ne siffar tsagar, domin a kanta duk shirin tafiyar ya rataya. Ba daga ƙasa ake kallon wannan matsirga ba. Mai kallo yana tsayawa ne a kan gaɓar da take fuskantar ruwan, tsayinsu ɗaya, ramin yana tsakaninsu. Ita wannan gaɓa kuma ta rabu biyu a inda ruwan ya sami ƙunƙuntar kafa yake ficewa. Ɓangaren yamma, wanda ya fi tsawo, yana Zimbabuwe, kuma daga nan ake ganin kusan kashi uku cikin huɗu na fuskar matsirgar. Ɓangaren gabas yana Zambiya. Ke nan, ba abu ɗaya masu tsayawa a ƙasashen biyu suke gani ba.

9.2 Zaɓen Wata

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da sayen tikitin jirgi, sa'an nan a tambayi yadda wurin yake a wannan lokaci. Tsarin da ya dace shi ne a fara da wata.

Da farko, yankin yana kudu da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka lokutansa sun saɓa da namu. Daminarsu tana farawa ne wajen Nuwamba, ta kai Maris ko Afrilu. A Yuni da Yuli, sa'ad da manomanmu suke tsakiyar noma, su sanyi suke yi, har sai mutum ya nemi rigar sanyi da safe. Oktoba kuwa ita ce bazararsu.

Na biyu, cikar kogin ba ta zuwa tare da ruwan sama. Ruwan da ya sauka a Angola da yammacin Zambiya sai ya fara malala cikin babbar fadamar Barotse, ya cika ta, kafin ya gangaro a hankali. Saboda haka kogin ya fi cika a wajen Afrilu, lokacin da damina take ban kwana, kuma ya fi ja baya a Oktoba da Nuwamba. Ruwan da yake zuba a Nuwamba bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na abin da yake zuba a Afrilu ba.

Mai karatu zai yi zaton lokacin cikar ya fi kowane kyau. Ba lalle ba ne. A wannan lokaci feshin yana tashi sama fiye da mita 400, ya dawo ƙasa kamar ruwan sama mai ƙarfi, ya lulluɓe fuskar matsirgar. Mutum zai ji ruguginta har cikin ƙirjinsa, zai jiƙe sharkaf, amma sau da yawa ba abin da zai gani sai farin hazo. Littafin rubutu da wayar hannu kuwa, in ba a naɗe su cikin leda ba, sai dai haƙuri. A ɗaya gefen kuma, wanda ya zo a Oktoba ya sauka a Zambiya, yana iya tarar da ɓangaren gabas ya ƙafe, sai baƙin dutse da ’yan zirin ruwa, alhali a ɓangaren Zimbabuwe babbar matsirgar tana nan tana zuba, domin ita ba ta yankewa duk shekara. A ƙarshen 2019, da aka yi fari mai tsanani a kudancin Afirka, hotunan wannan busasshen dutse sun yaɗu a duniya, har wasu suka ɗauka matsirgar ta mutu. Ba ta mutu ba. Ɓangaren da ya saba ja baya ne ya ja baya fiye da kullum.

Duk da haka, rani yana da tasa riba. A lokacin ne kawai ake iya shiga wani kududdufi da yake daidai bakin ramin, kusa da tsibirin Livingstone, wanda ake kira Devil's Pool, wato kududdufin shaiɗan, kuma ta Zambiya kaɗai ake isa gare shi. A ganina, malamin da yake riƙe da amanar ’ya’yan mutane ba shi da abin nema a can. Ga mai tafiyar kwana huɗu da yake son ganin ruwan da kuma siffar dutsen, tsakanin Yuni da Agusta ya fi dacewa: ruwa bai ja baya sosai ba, feshi ya ragu, kuma ba a zafi.

9.3 Batun Iyaka

Idan an tsayar da wata, shi zai nuna ƙasar da za a sauka. A watannin ƙarancin ruwa, Zimbabuwe ta zama dole. A sauran watanni kowace ta yi, kuma wanda ya sami iko ya ga duka biyun ya fi cin riba. Garin da yake ɓangaren Zimbabuwe sunan matsirgar ya ci, kuma daga tsakiyarsa ana iya takawa da ƙafa zuwa ƙofar shiga. Garin Livingstone na Zambiya kuwa yana da nisan kimanin kilomita 10, sai an hau mota, amma yana da gidan tarihi da ya cancanci a ba shi rabin yini. Shi ne ma babban birnin Rodeshiya ta Arewa daga 1911 zuwa 1935. Kowane daga cikin garuruwan biyu yana da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa. Abin da ya haɗa su shi ne gadar ƙarfe da aka gama a 1905, cikin burin Cecil Rhodes na shimfiɗa layin dogo daga Cape Town har Alƙahira. Ofishin shige da fice na kowace ƙasa yana ɓangarenta, gadar tana tsakani.

Ɗan Nijeriya da ya saba zuwa Kwatano ko Akara ba tare da biza ba, albarkacin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ya sani wannan sassauci bai kai can ba. Tarkon da ya fi kama mutane kuma shi ne biza mai shiga ɗaya. Misali, mutum ya sauka a Zimbabuwe da irin wannan biza, ya kama masauki, ya ajiye kayansa, washegari ya tsallaka gada don ya kalli ɓangaren Zambiya na awa uku. Da zarar an buga masa hatimin fita, bizarsa ta ƙare aiki. Da yamma in ya dawo, baƙo ne sabo da yake neman izinin shiga, ga kuma jakarsa da jirgin da zai mai da shi gida duk suna ɓangaren da aka hana shi. Maganin abin shi ne a nemi biza mai shiga biyu tun daga gida. Akwai kuma bizar haɗin gwiwa ta KAZA, da ƙasashen biyu suka ɓullo da ita a 2014, wadda take ba mutum damar kai da komo tsakaninsu, sai dai ’yan wasu ƙasashe da aka lissafa kaɗai ake ba. Wajibi ne matafiyi ya tabbatar daga ofishin jakadanci ko fasfonsa yana cikin jerin, kada ya dogara da abin da wani Bature ya rubuta a intanet, domin ƙa'idar da ta hau Baturen ba ita ce ta hau shi ba. Wanda kuwa hawa gadar kaɗai yake so, ana ba da takardar izini a ofishin iyaka ba tare da an buga masa fita ba.

Sauran takardu ba su da wuyar fahimta. A duba cewa fasfo yana da sauran aƙalla wata 6 da kuma shafukan da ba a buga ba. A riƙe katin rigakafin shawara, domin ana nemansa daga wanda ya fito daga Nijeriya. Yankin kuma yana da sauro, sai a ga likita kafin tafiya.

9.4 Rabon Kwanaki da Guzuri

Babu jirgin da yake tashi daga Nijeriya kai tsaye zuwa can. Sai an canja a Adis Ababa ko Nairobi ko Johannesburg, kuma yana da kyau a bincika ko ƙasar da za a yada zango tana neman bizar wucewa. Saboda haka ranar farko da ta huɗu na hanya ne, kada a ɗora musu komai. Agogonsu yana gaba da namu da awa ɗaya, a gyara tun a jirgi.

Rana ta biyu ita ce zuciyar tafiyar, sai a ba ta ɓangaren da ya fi muhimmanci a wannan wata. A shiga da sassafe. Hanyar kallo ta Zimbabuwe tana bi ta cikin wani ɗan kurmi da feshin yake shayarwa duk shekara, kuma awa biyu zuwa uku sun isa a zaga ta a natse. Rana ta uku a tsallaka, a dawo tun da sauran rana, domin giwaye sukan ratso gefen gari da dare. Dalilin sa babban abu a rana ta biyu shi ne, in jirgi ya yi latti ko jiki ya ƙi, akwai ta uku da za a koma kanta.

Game da kuɗi, Zambiya da kwaca take ciniki. Zimbabuwe ta fitar da sabon kuɗi mai suna ZiG a 2024, amma a garin matsirgar dalar Amurka ce ta fi yawo, kuma gara a riƙe ƙananan takardu saboda wahalar canji. Kowace ƙasa tana karɓar nata kuɗin shiga daban, farashin baƙo kuma ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. A nan zama ɗan Afirka bai isa a sami rangwame ba, sai a yi lissafi da farashin baƙi. Abincin da aka riƙo a hannu kuma a ɓoye shi cikin jaka, domin gwaggon birin wurin ba ya jin kunyar fizge.

9.5 Jinga

1. Wani malami ya sami hutun kwana huɗu a ƙarshen Oktoba, an ba shi bizar Zambiya mai shiga ɗaya. Bayyana matsalolin da zai tarar, da gyaran da ya kamata ya yi kafin ya tashi.

2. Me ya sa kogin Zambezi ya fi cika a wajen matsirgar bayan damina ta kusa ɗaukewa? Yi bayani cikin sakin layi ɗaya.

3. Tsara ziyarar yini guda ga ɗalibai 30 zuwa matsirgar da ta fi kusa da kwalejinku, ka faɗi watan da ka zaɓa da hujjarka.